Kuɗin Awo Daban, Kuɗin Tabarau Daban

14 ga Janairu, 2023

Wata goma sha ɗaya ke nan da na ajiye aikin albashi na buɗe wannan wurin awon ido da tabarau a Kano, amma sai yau na zauna na yi lissafin gaskiya. Uwargida ce ta sa ni a gaba. Ta ce kullum in na dawo sai in ce "yau an yi mutane", ƙarshen wata kuma in ranci kuɗin cefane a wurinta. Na ɗauko littafin rasit na buga lissafi, na ga ba ta yi min ƙazafi ba. Dalilin fara wannan rubutu ke nan, don in daina yaudarar kaina.

Ga abin da nake da shi. Shago ɗaya da na raba biyu da katako, gaba wurin jira da kabad ɗin firam, ciki ɗakin awo. Ɗakin mita uku ne da 'yan kai, alhali mita shida ake so tsakanin allon haruffa da idon mutum, sai na kafa madubi a bango, allon yana bayan kan wanda ake aunawa, ta madubin yake karantawa. Wanda bai yi boko ba akwai allon harafin E, da hannu yake nuna inda ƙafafunsa suka dosa. Sai akwatin gilasan gwaji, da 'yan tocilan biyu na leƙa ido, da na'urar karanta ƙarfin gilas da na saya ta hannu. Takardu sun cika: rajistar CAC, hukumar rajistar kamfanoni, da ta hukumarmu ta masu awon ido, ODORBN, wadda doka mai lamba 34 ta 1989 ta kafa, ita ke ba mu lasisi muna sabuntawa duk shekara.

Ɓarakar tana jikin allon da na kafa a ƙofa: "Awo kyauta ga wanda ya sayi tabarau." Mutane sun karanta rabin farko sun bar sauran. Sai in kwashe rabin awa a kan mutum, in gano ba ya buƙatar gilashi, ya ce Allah ya saka da alheri ya tafi. Abin da ya fi ci min rai shi ne sau biyu ina kama kaina ina neman hujjar rubuta wa mai lafiyar ido gilashi mai lamba +0.25, saboda kuɗin haya ya matso. Ban rubuta ba, amma tunanin ya zo. Shekara shida na yi a Jami'ar Benin ina koyon awon ido, ga shi tsarin da na shimfiɗa da hannuna yana so ya mai da ni ɗan tireda.

Buri uku a bana: in sa wa awo kuɗinsa, in sayi na'urar auna matsin ido, in mallaki injin yankan gilas don in daina aika aiki Legas.

11 ga Fabrairu, 2023

Canjin kuɗi ya tsayar da komai. Tsofaffin takardun 200 da 500 da 1,000 wa'adinsu ya cika jiya, sababbin kuma ba a ganinsu. Tabarau goma sha huɗu na kwance a aljihun tebur, an gama su, masu su ba su da tsabar da za su karɓa. Na karɓo na'urar POS. Batun kuɗin awo na ɗage shi, ba a yi wa mai jin yunwa wa'azin azumi.

25 ga Maris, 2023

Na cire allon. Awo naira 2,000, ko ka sayi tabarau ko ba ka saya ba, kuma za ka tafi da takardar awonka a hannu, ka kai inda kake so a yi maka.

Wani dattijo ɗan kasuwa, wanda na yi wa iyalinsa aiki a baya, ya tsaya a bakin ƙofa da ya ji sabon tsarin.

"Likita, yanzu kallon ido ma sai an biya? Ai ba magani ka ba ni ba."

"Alhaji, in ka kai mota a duba maka, bakanike ya ce lafiyarta ƙalau, ba ka sallamarsa?"

"Wannan ai ya shiga ƙarƙashin mota, ya ɓata rigarsa."

Na rasa amsa, muka yi dariya, ya biya yana ƙunƙuni. Amma ya faɗi gaskiyar yadda mutanenmu ke kallon abin: kuɗi na abin da za ka riƙe a hannu ne. Don haka na buga kati mai kauri da sunan wurin, ina cike shi a gaban mutum: ganin dama, ganin hagu, abin da na gani a cikin ido, ranar dawowa. Kwafi ɗaya nasa, ɗaya nawa. Mako biyun farko masu shigowa sun ragu sosai, ga azumi ya kama. Uwargida ta ce in daure zuwa bayan Sallah.

24 ga Yuni, 2023

Tun jawabin 29 ga Mayu da aka ce tallafin mai ya tafi, litar fetur ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500. Tsakiyar wannan wata kuma aka saki naira, dala a farashin gwamnati ta bar wajen 460 ta wuce 700. A sana'armu babu abin da ake ƙerawa a gida. Gilas, firam, har ɗan kusar da ke riƙe hannun tabarau, daga waje suke zuwa, yawanci daga China. Dillalina na Legas ya daina turo takardar farashi, ya ce in riƙa bugo waya duk ranar da zan saya.

A nan katunan da nake ajiyewa suka fara yi min rana. Na baje su a tabarma da daddare na ƙirga lambobin da suka fi fita, na ga 'yan kaɗan ne ke maimaituwa: na karatu daga +1.00 zuwa +2.50, da na hangen nesa daga -0.50 zuwa -2.00. Na kwashe abin da ke asusu na sayi waɗannan da yawa kafin su ƙara tashi. Firam masu tsada da na jera don ado, waɗanda suka shekara ba wanda ya taɓa, na karya farashinsu na rabu da su. Na yi kuskure tun farko da na zuba jari a kan abin da ni nake sha'awa.

19 ga Agusta, 2023

Wannan makon ya canja min tunani a kan gilashin tebur, wato na karatu da ake sayarwa a bakin kasuwa da ƙofar masallaci.

Wani tela mai shekara hamsin da 'yan kai ya zo, ya ce ya kai shekara uku yaransa ne ke zura masa zare a allura, kuma ya fara mayar da aikin hannu saboda ɗinkin yana karkacewa. Ganinsa na nesa ƙalau. Na sa masa +2.00 a firam ɗin gwaji na miƙa masa katin karatu, ya juya shi ya ce shi ba wannan ya kawo shi ba. Ya zaro allura daga wuyan rigarsa, ya tsinko zare a bakin hularsa, ya lasa, ya ɗaga wajen taga. Zura ɗaya ya shige. Ya zare ya sake, ya sake. Sai ya yi shiru yana kallon allurar, can ya ce, "Ashe ramin na nan."

Ba ciwo ba ne, shekaru ne. Ƙwayar da ke cikin ido tana taurara a hankali, daga wajen shekara arba'in sai ta kasa tattaro abin da ke kusa, mutum ya fara miƙa takarda nesa da fuska. Kowa zai je wurin, in da rai. Na lissafa masa kuɗin tabarau na yanka, ya ce ba zai iya ba yanzu, zai je kasuwa ya nemi mai lamba biyu. Da can da na yi masa huɗuba a kan gilashin tebur. Amma idonsa biyu lambarsu ɗaya, babu karkatar gani mai buƙatar yanka na musamman, na kasuwan zai yi masa aiki. Laifin gilashin tebur ɗaya ne: mai sayar da shi ba ya leƙa cikin ido, sai mutum ya samu sauƙin karatu ya ɗauka ya warke, alhali wata cuta na cin jijiyar ganinsa.

To me zai hana ni in ajiye su? Na sayo dozin biyar masu ɗan inganci. Wanda awo ya nuna za su yi masa, in ba shi a farashin da bai fi na kasuwa da yawa ba. Wani abokin karatuna ya ce na zubar da girman sana'a. Ni dai na ga ribar kowane ɗaya ƙarama ce, amma telan ya turo min mutum bakwai daga layinsu, kowa ya biya kuɗin awo ba gardama. Yanzu akwai allura da zare a aljihun teburina, da ƙaramin littafi mai rubutun ajami, don malamai da shi suke yarda cewa gilashi ya yi.

14 ga Oktoba, 2023

Shekaranjiya ce Ranar Gani ta Duniya, Alhamis ta biyu a Oktoba. Mun kai awo kyauta wata makarantar firamare a unguwa. Mun duba yara da yawa, na ba goma sha tara takardar su zo da iyayensu. Uku suka zo. Laifina ne, takarda a hannun yaro ai jirgin sama ce. Na rufe shago yini guda, na biya mota da abinci, na dawo da hotuna kawai. Badi sai na karɓi lambar wayar iyaye kafin in taɓa yaro.

9 ga Disamba, 2023

Na'urar auna matsin ido ta iso, buri na biyu ya cika. Ta hannu ce, da kuɗin adashin da muke yi mu shida 'yan sana'a ɗaya. Awo ya koma 3,000, ba wanda ya yi magana.

Na daɗe ina jin kunyar rashinta. Binciken makanta na ƙasa da aka yi tsakanin 2005 da 2007 ya nuna kashi 4.2 cikin ɗari na 'yan shekara arba'in zuwa sama makafi ne. Yanar ido ce kan gaba da kashi 43, hawan jinin ido na biye da kusan kashi 17. Yana ana cire ta gani ya dawo. Hawan jinin ido kuwa abin da ya ci ya ci ke nan, kuma ba ya zafi, daga gefe yake fara yankar gani sai mutum ya wayi gari kamar mai leƙe ta bututu.

Wanda na fara kamawa da ita ma ba tsoho ba ne. Yaro ne ɗan shekara goma sha ɗaya, idonsa ya yi launin ƙasa saboda ƙaiƙayin da ke damun yara, wanda ke tsananta da ƙura. Mahaifiyarsa ta fito da kwalbar ɗigo daga jaka, mai sitiroyid ce, ta ce a kyamis ake ba su, kusan shekara biyu, duk sanda ya fara susa sai a ɗiga. Matsin ido mai lafiya tsakanin 10 da 21 yake. Nasa 34 a dama, 31 a hagu.

"Hajiya, wannan maganin shi ke kwantar da ƙaiƙayin, shi ne kuma ke tayar da matsin. Kada a sake saya. Gobe da sassafe ku je wurin likitan tiyatar ido da wannan takarda."

"Likita, ba gilashi za ka ba shi ba?"

Na ce a'a. Ta yi mamaki ƙwarai, har ta sake tambaya. Inda awo kyauta ne da wannan rabin awa asara ce a littafina. Yanzu kuwa na rubuta takardar turawa da natsuwa, na kira ta bayan kwana uku na tabbatar sun je. Kano ba ta rasa inda za a tura mutum ba, ga asibitin ido na ECWA, ga Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, in abin ya yi nauyi ga Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna.

24 ga Fabrairu, 2024

Dala ta haura 1,500. Injin yankan gilas da nake tara wa kuɗi ya ninka, kamar mai bin inuwarsa nake.

Ga kuma ɓarna biyu a wata ɗaya. Wurin da ke yi min yanka a Legas sun juya gilasan wata malamar makaranta, na dama a hagu. Kwana tara ana jira, aka mayar, aka sake jiran tara. Ta biyun tawa ce: na auna tazarar ƙwayar idon wani ɗalibi cikin gaggawa, na rubuta 68 a maimakon 62, ga lambarsa mai ƙarfi, -6.00. Ya sa kwana biyu ya dawo da ciwon kai. Na sake masa daga aljihuna. Sabuwar doka: duk tabarau da ya iso sai na ɗora shi a na'ura na gwada da katin mai shi kafin a kira shi, kuma tazara sau biyu nake aunawa.

13 ga Afrilu, 2024

An sha ruwa lafiya. A azumin bana na mai da aiki daga takwas zuwa azahar, sai kuma bayan tarawihi, kuma daren ya fi kawo mutane. Na bi katunan masu hawan jinin ido ɗaya bayan ɗaya na kira su, saboda na san halin: da yawa suna ajiye ɗigo wata guda cur don tsoron karya azumi. Hukunci na malamai ne, ni dai na nuna musu cewa mai sau biyu a rana ana iya ɗiga shi da sahur da kuma bayan buɗa-baki, mai sau ɗaya dama yawanci da dare ake sa shi, sannan a danne kusurwar ido ta wajen hanci na ɗan lokaci don kada ya gangara maƙogwaro.

Farkon watan nan aka ƙara kuɗin wuta ga 'yan rukunin A, wato waɗanda suka fi samun wuta, zuwa naira 225 kowane yunit. Na sa faranti biyu na sola da batir, sun ishi fitilu da fanka da allon awo. Janareta ya koma na ko-ta-kwana.

22 ga Yuni, 2024

Na ɗauki ma'aikaciya, likitar awon ido da ta gama a Jami'ar Bayero, ta yi shekarar horo da bautar ƙasa. Na yi ta jan ƙafa saboda albashi. Katunan ne suka yanke min shawara: mata ba su kai kashi ɗaya cikin uku ba, kuma yawancinsu sai abin ya yi nisa ake kawo su. Awon ido aiki ne na fuska da fuska a ɗaki mai duhu, akwai magidanta da yawa da ba za su kawo iyalinsu wurin namiji ba, akwai matan da su kansu ba sa sakewa. Mun ware Talata da Asabar da safe na mata da yara, ni ina gaba ina harkar firam da lissafi.

Ta fi ni iya magana da iyaye. Na ji ta da wata kaka da ta kafe cewa gilashi na ƙara kashe idon yaro, jikarta kuma ido ɗaya ya fara shigewa ciki. Ba ta yi musu da ita ba. Cewa ta yi, "Inna, rufe min wannan idon nata da tafin hannunki, ki tambaye ta me take gani." Yarinyar ta kasa faɗin ko babban harafi. Kakar ta sauke hannu a hankali ta ce a yi abin da ya dace. Irin wannan idon in ba a tashe shi tun ƙuruciya ba, da wuya ya tashi daga baya.

10 ga Agusta, 2024

Zanga-zangar 1 ga wata da dokar hana fita sun rufe mu kwanaki. Na kwashe na'urori na kai gida a bayan mota, lulluɓe da bargo. Allah ya tsare.

Wani kamfanin inshorar lafiya ya kawo tayin in riƙa duba mutanensu. Tun dokar inshorar lafiya ta ƙasa, NHIA, ta 2022 ake ta cewa nan kasuwa za ta koma. Na karanta takardar: abin da za su biya na tabarau bai kai kuɗin gilas ɗin ba, kuma biya sai bayan watanni. Na ce na yarda da awo kaɗai, tabarau mutum ya cika da kansa. Sun ce za su waiwaye ni.

16 ga Nuwamba, 2024

Injin yanka ya shigo ranar Litinin, shekara guda bayan lokacin da na ɗibar masa. Na hannu ne, daga wani wuri da ya rufe a Kaduna, rabin kuɗi a hannu, saura wata huɗu. Mai gida ya ba ni shagon da ke manne da nawa, an fasa ƙofa a tsakani, an ja ruwa, don injin da ruwa yake yanka.

Gilas biyar na lalata a kwana biyun farko. Ɗaya ya fito ƙarami yana rawa a firam, biyu sun tsage a baki, sauran na kauce wa layin karkata. Na biya wani tsohon ma'aikacin yanka zai zauna da mu mako uku ya koya wa yaron da ke gaban shago, wanda hannunsa ya fi nawa natsuwa. Jiya wani direba ya zo ƙarfe goma, ya tafi sallar Juma'a, ya dawo ya karɓi tabaransa. Gilas mai hawa biyu, na nesa da na kusa, da mai duhu a rana masu lamba ta musamman har yanzu sai Legas.

Lissafin Oktoba: kuɗin awo kaɗai ya biya haya da albashin mutum biyu, karo na farko. Ban karɓi ko kwabo a wurin uwargida ba tun watan Mayu, ta kuma tuna min da kanta.

Alhajin nan mai maganar bakanike ya dawo ranar Laraba, katinsa na bara a ninke cikin aljihun 'yar-ciki. Matsin idonsa na hagu 24, bara ba ni da abin aunawa. Na ce ya dawo Litinin da safe in sake gwadawa kafin in tura shi. Katunan sun kusa cika kwali na uku, kuma neman na mutum ɗaya yana cin minti goma, don haka aikin mako mai zuwa shi ne a fara shigar da su kwamfuta, daga harafin A.